Zanen Aro

A Minna an yi wasu janar-janar biyu, dukansu haifaffun garin, dukansu sun yi sakandare a Bida. Na farko, Ibrahim Babangida, ya hau mulki a 1985. Ya yi alkawarin miƙa shi ga farar hula, amma duk lokacin da ranar ta matso sai a ɗaga ta. Da aka yi zaɓen 12 ga Yuni 1993 kuwa, sai ya soke shi. Ba a cika wata uku ba, dole ta sa ya sauka.

Na biyun, Abdulsalami Abubakar, mulki ne ya same shi ranar 9 ga Yuni 1998, washegarin rasuwar Janar Sani Abacha. Ya tarar da 'yan siyasa da 'yan jarida a kurkuku, ga jam'iyyu biyar da suka haɗu suka tsayar da marigayin shi kaɗai. Babu majalisar da za ta tsawatar masa, babu kundin tsarin mulkin da ya ɗaure shi. Ya fara sakin fursunonin siyasa, har da Olusegun Obasanjo. Ana cikin haka Abiola, ɗan takara a zaɓen da aka soke, ya rasu a tsare, ƙasa ta ɗau zafi. Mai neman hujjar zama da ya samu. Shi kuwa sai ya shelanta cewa ranar 29 ga Mayu 1999 zai sauka.

A teburin mai shayi a Bosso ta Minna, da jin wannan shela, wani direba ya tuntsire da dariya, ya ce kura ba ta sakin abin da ta kama. Wani tsohon tela ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Ɗana, zanen aro ba ya rufe katara. Mai hankali tun ba a tambaya ba yake mayarwa."

Aka rushe jam'iyyun nan, aka kafa hukumar zaɓe ta INEC. Kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya saurari jama'a, ya ba da shawarar a gina sabon kundi kan na 1979. Ranar ta zo, ba a ɗaga ta ba. Janar ya miƙa wa Obasanjo, wanda ya ci zaɓe, mulki, ya koma gida.

Direba bai sallama ba. Ya ce, "Baba, ai kundin nan sojoji ne suka zartar da shi, ba a tambaye mu ba."

Tela ya ce, "Gaskiyarka. Amma ga shi kana faɗa da ƙarfi a bakin titi, masu gyara shi kuma ƙuri'arka suke roƙo. Bara war haka da raɗa kake magana."

Direba ya waiga hagu da dama, ya ga babu mai binsa. Ya sa hannu a aljihu ya biya kuɗin shayin su biyu.