Kafin a Ce a Yi Mata Fomatin

A Kankiya da Kusada, idan kwamfutar gida ta fara nauyi, kusan magani ɗaya ake rubuta mata. Mai ita zai saɓa ta zuwa shagon gyara, ya ce, "Malam, kwamfutar nan ta ishe ni, sai in kunna ta in je in dawo ba ta gama tashi ba." Mai gyara bai duba komai ba zai amsa, "Alhaji, sai dai a yi mata fomatin." A share duk abin da ke ciki, a zuba sabuwar Windows, a biya kuɗin aiki. Ta ɗan sake na kwana biyu, sannan ta koma gidan jiya. A tsakanin nan kuwa an yi asarar da ba a mayarwa: rubutun ɗalibin da ke shirin kammala karatu, hotunan suna da na biki, lissafin bashin mai shago. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma abin yana damuna, domin mafi yawan masu wannan asara ba masu hali ba ne.

Abin da ya sa na ga bai kamata Kankiya ta riƙe wannan ɗabi'a ba shi ne, gari ne mai makarantar koyon aikin lafiya. Darasin da ake cusa wa ɗalibanta shi ne ba a yi wa mutum allura sai an tambaye shi, an auna shi. Zazzaɓi alama ce kawai. Yana iya zama na cizon sauro, yana iya zama taifot. Nauyin kwamfuta ma haka yake, alama ce mai dalilai da yawa, kuma fomatin ba ya warkar da mafi yawansu.

Tambayar farko ita ce, wa ke nauyin, kwamfutar ko intanet ɗin? Gwajin ba ya cin ko kobo. A kashe data, a buɗe Word ko wata jaka mai hotuna. Idan sun buɗe nan take, to na'urar lafiyarta ƙalau. Sai a gwada shafin da ke jan ƙafa a waya, a kan layi ɗaya. Idan a can ma yana juyi ba ya buɗewa, matsalar sabis ce. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, sun lalace daura da gaɓar Kwaddebuwa. Kwanaki aka yi a Najeriya ana fama, har harkar bankuna ta waya ta taɓu. Duk wanda ya kai kwamfutarsa gyara a makon nan saboda shafi ya ƙi buɗewa, ya kai marar laifi ne.

Ba sai an je teku ba ma. A gidajenmu yawanci waya ce ko ɗan ƙaramin akwatin layi ke ba kwamfuta intanet. A duba saman fuskar wayar: 4G ke rubuce, ko ta faɗo 3G, ko ma harafin E? Rufin kwano da katanga mai kauri suna rage ƙarfin sabis, wani lokaci matsar da wayar bakin taga kawai ya wadatar. Bayan isha'i kuma, lokacin da kowa ya kishingiɗa yana kallon bidiyo, dogon ƙarfen sabis ɗaya ne ke ɗaukar unguwa gaba ɗaya, dole rabon kowa ya ragu. Wanda ke da fom ɗin makaranta ko na neman aiki da zai cike, ya gwada bayan asuba. A kuma ƙirga masu jone da layin, domin lambar sirrin da aka ba yaro ɗaya ba ta kwana sai ta zaga gida.

Akwai wani mai shan data a ɓoye, ita Windows ɗin kanta. Da zarar ta ji intanet sai ta shiga sauke sabuntawa, wani lokaci fiye da gigabait ɗaya, ba tare da ta yi sallama ba. A cikin saitin Wi-Fi akwai wurin da ake gaya mata cewa wannan layin na awo ne, sai ta rage. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan ɗan saiti ya zama batun aljihu.

To, idan an tabbatar na'urar ce, ni ƙura nake fara zargi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na turo ta ta kowace kafa, fanka kuma aikinta jan iska, don haka tana jan ƙurar tana tarawa a ramukan da zafi ke fita. Bazara na shigowa, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, ga hanyar iska a toshe. An ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ne ta yadda idan zafinta ya doshi digiri 100 za ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Mu kuma sai mu ɗora ta kan katifa ko darduma ko filo, mu toshe ɗan abin da ya saura. Alamar a bayyane take: da farko tana sauri, bayan ɗan lokaci fanka ta kama ruri, ƙasanta ya yi zafi, komai ya soma tsayawa. Maganinta a buɗe a hure, a sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen da ke janye zafi, a riƙa ajiye ta kan tebur ko katako. Fomatin ko sau nawa ne ba zai fitar da ƙwayar ƙura ɗaya ba. Caja ma a lura da ita; wasu kwamfutocin, musamman Dell, suna rage gudu idan ba su gane cajar da aka jona musu ba.

Sauran bayani kwamfutar da kanta za ta bayar. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito ya nuna abin da ya cika. Yawancin waɗanda muke saye na hannu ne, 'yan Baljiyam, irin waɗanda ake ɗaukowa daga titin Beirut a Kano, da ram mai gigabait 4 da tsohon faifan ajiya mai juyawa. Gigabait 4 ɗin nan shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, ballantana a buɗe shafuka goma sha a Chrome a kai. Idan layin faifai ya kafe a 100, sauya shi da faifai marar juyawa, wato SSD, ya fi kowane gyara tasiri, har mutum ya ɗauka sabuwa ya saya. A Task Manager ɗin ne kuma ake kashe manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta ba a gayyace su ba. Finafinan da suka cika faifai a kwashe su, manhajar kariya biyu a cire ɗaya, Defender da ke zuwa da Windows ta isa. Filashin da aka kai shagon buga takardu kuwa a bincike shi kafin a buɗe, don ta nan cutar da ke ɓoye jakunkuna ta bar inuwarsu take yawo.

Akwai kuma tsufa. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Chrome ya daina sabunta kansa a kanta a farkon 2023, Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mai tsohuwar manhaja zai ga wasu shafuka suna zuwa a karkace, ko da sabis ya cika.

Ban ɗora wa masu gyara laifin duka ba. Da yawansu matasa ne da suka koyi aikin da ido, mu kuma masu kai musu muna son a gama yanzu-yanzu, kuma mun fi yarda an yi aiki idan mun ga an share komai fes. Abin lura a nan shi ne yadda muke gaggawar ɗaukar mataki mafi girma don gudun tambaya mafi sauƙi. Haƙƙin mai kaya ne ya ce, "Malam, me ka gani da ya sa sai fomatin?" Mai gyaran da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar, ya nuna maka da yatsa.

Fomatin na da ranarsa, idan cuta ta ci ƙarfin manhaja ko Windows ta lalace. Ko a ranar, sai an fara kwafe takardu da hotuna zuwa wani wuri, an buɗe su an ga sun kwafu. Idan kuwa faifan ya fara ƙara ƙas-ƙas, ko kwamfutar tana daskarewa duk lokacin da aka taɓa wata jaka, kada a bari a zuba mata komai. Faifan ne ke gab da mutuwa, a kwashe abin da ke cikinsa a ranar, a fara da rubutun makaranta da lissafin kuɗi.