Haƙƙin Makaho da Kurma a kan Mai Gina Shafin Intanet

Tambayarmu ta wannan fitowa ita ce: wanda ya gina shafin intanet iri ɗaya don kowa da kowa, shin ya yi adalci?

Wani zai ce ya yi, tunda bai hana kowa shiga ba. To amma telan da ya ɗinka wa yaro da babba riga awo ɗaya, ya raba daidai, sai dai ɗayansu ne kawai zai sa tasa. Adalci shi ne kowa ya sami abin da zai iya amfani da shi.

Ku lura da makaho. Yana da manhajar da ke karanta masa rubutu da murya, irin NVDA, wadda makafi biyu ƴan Ostareliya suka samar kyauta. Idan aka sa hoto ba tare da rubutaccen bayaninsa ba, manhajar ba ta da abin faɗa masa. Kurma yana bukatar a rubuta maganar da ke cikin bidiyo. Dattijo mai raunin gani yana bukatar ƙara girman haruffa ba tare da shafin ya wargaje ba. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, mutum ɗaya cikin shida yana fama da naƙasa mai tsanani.

Ba a rasa jagora ba. Ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojin WCAG tun 1999, ta sabunta su a 2008, 2018 da 2023. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, ta sanya samun bayanai cikin haƙƙoƙinsu.

Masu cewa aikin yana da tsada, mu tuna musu cewa rubuta bayanin hoto jimla ɗaya ce, kuma gyara bayan gini ya fi tsada.

Akwai kuma amana. Bai dace shafi ya tilasta wa mutum bayyana lalurarsa kafin ya biya masa bukata ba. A bar shi ya zaɓi girman rubutu da launi a na'urarsa, shafin ya bi zaɓinsa, sirrinsa ya zauna a wurinsa.

Saboda haka, duk mai ba da aikin gina shafi, na makaranta ko asibiti ko kasuwanci, ya sa makaho ya gwada shi kafin ya biya kuɗin aikin. Allah ya sa mu dace.