Abin Lura a Ɗakin Haɗa Sauti

Waƙar biki ko ta bege da ake ji a wayoyin matasan Tsiga da Bakori da Funtua, ba yadda mawaƙi ya rera ta take isowa kunne ba. Kafin ta bar sutudiyo sai mai haɗa sauti ya zauna gaban kwamfuta, ya buɗe FL Studio ko Cubase, ya bi muryar da wasu ƙananan manhajoji. Biyu daga cikinsu da wuya a tsallake su: kwamfuresa da ribab. A kan allo sun yi kama, kowace da maɓallanta na murɗawa, amma halinsu ya sha bamban.

Kwamfuresa aikinta tsaron iyaka. Mawaƙi ba ya riƙe ƙarfi ɗaya: a farkon baiti ya yi ƙasa da murya har kiɗa ya danne ta, da ya zo amshi ya ɗaga har lasifika ta soma karkarwa. Sai a shata wa muryar layi. Abin da ke ƙasan layi ba a taɓa shi, wanda ya haura a rage shi. In an saita ta a 4 da 1, muryar da ta wuce layi da desibel 8, desibel 2 kaɗai za a bari ta wuce. Abin mamakin yana bayan nan. Da zarar an danne tsinin, sai a sami sararin ɗaga muryar gaba ɗaya, kalmomin da suka ɓuya su fito fili. Ashe rage mai ƙarfi ita ce hanyar jiyar da mai rauni.

Su ma kwamfuresoshin hali-hali ne. Cikin waɗanda aka fi so akwai kwaikwayon wasu tsofaffin na'urori biyu na Amurka, irin wanda kamfanonin Waves da Universal Audio ke sayarwa. 1176, wadda Bill Putnam ya ƙera a 1967, mai saurin cafka ce, kafin ƙiftawar ido ta gama aiki. LA-2A kuwa da haske take aiki: ƙarfin murya ya haska wani ɗan faranti, wani ɗan ido ya gani ya rage ƙarar, sa'annan ya saki sannu a hankali. Gwanaye sukan jera su, mai sauri a gaba ta kama tsini, mai sanyin hali a baya ta daidaita saura. Amma in aka matsa fiye da kima, murya sai ta rasa rai, shessheƙar numfashin mawaƙi da gunjin janareta su taso kafaɗa da kafaɗa da waƙar.

Ita ribab ba ta gyara murya, wuri take ba ta. Manomin Tsiga ya san sirrinta ko da bai taɓa leƙa sutudiyo ba. A shiga sito kafin kaka a tafa hannu: bango ya mayar, rufin kwano ya mayar, ƙarar ta yi ta yawo. A dawo bayan an jibge buhunan masara har sama, tafin nan take yake mutuwa, buhuna sun shanye shi. Amsa-kuwwar siton nan na kafin kaka, wanda babu komai a ciki, ita ribab ke kwaikwayo. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya samar da ita ta hanyar girgiza wani faffaɗan farantin ƙarfe mai tsawon kusan mita 2. Yau ta koma maɓalli a laftof. Murɗa ɗaya, yaron da ke tsaye a ɗan ɗaki mai soso a bango ya zama kamar mai waƙa a zauren fada.

Shi ya sa sabon shiga ya fi ƙaunar ribab. Daɗinta a take ake ji, alhali kwamfuresa in ta yi aiki mai kyau ba a ma sanin tana nan. Sai dai kunne da amsa-kuwwa yake auna nisa. Gwargwadon yawanta, gwargwadon yadda mawaƙi ke ja da baya, har jelar wannan kalma ta hau kan waccan, a ji daɗi amma a kasa gane me aka ce. Kuma ba ta zaɓe. In mawaƙi ya karkace, karkatar za ta maimaita masa a kowane bango.

Saboda haka masu sana'ar suke da tsari: a fara saita murya, sa'annan a ba ta wuri. In aka juya, kwamfuresa sai ta ɗaga jelar amsa-kuwwa, waƙa ta dagule.

Ɗan Adam ma da waɗannan biyu yake rayuwa. Akwai iyakar da yake shata wa kansa, lokacin fushi ko lokacin da Allah Ya ɗaga shi. Maigidan da ya rage tsininsa, a gidansa ake jin muryar ƙaramin yaro da ta amarya mai kunya. Wanda ya danne kansa har ya daina cewa a'a, shi ma muryarsa ta rasa rai. Akwai kuma amsa-kuwwar da mutane ke ba shi: 'yan amshin Shata, maroƙa, mabiya a Facebook da TikTok. Ba laifi ba ce, kaɗan daga cikinta tana ƙawata magana. Amma tana yawaita ne inda babu abin da zai tare ta, kuma tana nesanta mutum da masu sauraronsa alhali shi yana jin kamar girma yake ƙarawa.

Mahalicci ya riga ya nuna wanne ne na ciki. A tsakiyar kunnen kowa akwai wata 'yar tsoka, ƙarama ƙwarai, wadda ke ɗaurewa in ƙara ta yi yawa don ta rage abin da ke shiga. Haka kuma take ɗaurewa duk lokacin da mutum ya buɗe baki zai yi magana, don kada muryarsa ta cika masa kunne. Amsa-kuwwa kuwa ta bango ce, aro ce, tana ƙarewa ranar da aka fita daga zauren. Wanda ya samu zaure tun bai koyi riƙe muryarsa ba, kuskurensa kawai aka ƙara wa ƙarfi.