Riƙon Amana a Aikin Jinƙai: Ko Ƙauna Tana Neman Lissafi?

Karatu: 2 Korantiyawa 8:16-24, 2 Sarakuna 12:4-16, Ayyukan Manzanni 6:1-7

Abin da ke gabanmu

Nguru da Gashuwa garuruwan bakin ruwa ne, ruwan nan kuwa shi ne arzikinsu, shi ne kuma wahalarsu. Kogin Haɗeja da na Jama'are sukan malala cikin fadamu kafin su haɗu kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe. A shekara mai kyau sukan kawo kifi da shinkafa da ciyawar dabbobi. A daminar 2022 kuwa ruwa ya yi ambaliya, ya rushe gidajen ƙasa masu yawa a ƙasar Bade, ya cinye gonaki, har mutane suka koma kwana a makarantu. A irin wannan lokaci masu bi sukan tashi tsaye. Akan yi baiko na musamman, Zumuntar Mata takan tara hatsi da tabarmi da tufafi, 'yan'uwa daga nesa su aiko da kuɗi, a kafa kwamiti a danƙa masa kome.

Sa'an nan ruwa ya janye, rani ya shigo. Wata rana wani ya miƙe a taron ekklesiya ya ce yana so a faɗa masa nawa aka tara, nawa aka kashe, su wa aka ba, me kuma abin ya amfana. Sai wuri ya yi tsit. Waɗansu su ce mutumin nan ba shi da kunya, waɗansu su ce ba shi da ƙauna, gama yana zargin bayin Allah waɗanda suka yi wahala ba a biya su ko kwabo ba. To, ina gaskiyar take? Ko daidai ne a bincika aikin da aka yi saboda Allah?

Mai bayarwa da mai riƙo

Masu ƙin bincike suna da hujja, bai kamata mu raina ta ba. Ubangijinmu ya koya mana a Matiyu 6 mu yi sadaka a ɓoye, har hannu ɗaya kada ya san aikin ɗayan. Al'adarmu kuma ta hana yaro ya tsare babba da tambaya a gaban jama'a.

Amma sai mu lura da wanda Ubangiji yake yi wa magana. Yana magana da mutumin da ke bayarwa daga aljihunsa, domin kada ya nemi yabon mutane. Wanda aka danƙa wa kuɗin waɗansu, nasa sha'ani dabam ne. Kuɗin ba nasa ba ne. Na gwauruwar da ta sayar da kazarta ta sa a baiko ne, na mutumin da gidansa ya rushe ne kuma, wanda aka tara dominsa. Mai riƙo yana tsaye tsakanin su biyu, kowannensu yana da hakki a kansa. Ɓoyewar mai bayarwa tawali'u ne, amma in mai riƙo ya ɓoye, ya buɗe ƙofa ga jaraba da zato.

Manzo Bulus ya gane wannan sarai. Ya yi shekaru yana tara gudunmawa daga ekklesiyoyin Galatiya da Makidoniya da Akaya domin matalautan masu bi na Urushalima. In akwai wanda ya isa ya ce a amince da shi ba tambaya, ai Bulus ne. Duk da haka bai yarda ya ɗauki jakar shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa wanda ekklesiyoyi da kansu suka zaɓa, da wani na uku wanda aka sha gwada shi aka same shi mai himma. Ya faɗi dalilinsa a fili: ba ya so kowa ya sami abin zargi a kan wannan kyauta mai yawa, yana kuma so aikin ya zama daidai a idon mutane kamar yadda yake daidai a idon Ubangiji. Tun da manzo ya nemi shaidu a kan kansa, wane ma'aji ne zai ce an ci mutuncinsa domin an nemi ganin littafinsa?

Akwai tambaya uku da ya wajaba a yi wa kowane aikin jinƙai, ko na ekklesiya, ko na ƙungiyar unguwa.

Tambaya ta fari: ina kuɗin?

Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta iso Nguru a 1930, garin ya zama kasuwar gyaɗa da ƙaro da fatu. A wancan zamani mutanensa sun san ba a ɗora buhu a jirgi sai an ɗora shi a sikeli, ba wanda yake ɗaukar wannan abin zargi. Haka Ezra ya yi da dukiyar Haikali. A bakin kogin Ahawa ya auna azurfa da zinariya a hannun firistoci goma sha biyu. Da suka isa Urushalima, a rana ta huɗu aka sāke aunawa, aka ƙidaya, aka rubuta (Ezra 8:24-34). Ezra bai ɗauke su ɓarayi ba, shi da bakinsa ya kira su tsarkaka. Ya auna ne domin dukiyar tsattsarka ce.

A aikace, abin ba wuya. Mutum biyu ko uku su ƙidaya baiko tare, tun ba a bar ɗakin sujada ba, su rubuta, su sa hannu. A ajiye kuɗin a banki da sunan ekklesiya, kada a fitar sai da sa hannun mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba. Kowane buhun gero da aka saya a karɓi rasiɗi, a rubuta farashinsa da ranar kasuwar. Kuɗin da aka tara domin ambaliya kada a juya shi ga ginin ɗakin sujada, ko da ginin yana da kyau, sai an koma an nemi yardar masu bayarwa. A ƙarshe a karanta lissafin a gaban jama'a da harshen da kowa yake ji.

Wannan tsari kāriya ce ga ma'aji kansa. Galibin masu riƙo da suka fāɗi ba su fara da niyyar sata ba. Yaro ya kwanta ciwo, ko ɗan'uwa ya zo da kuka, kuɗin jama'a kuwa yana cikin akwati a ɗaka, sai mutum ya ce zai ara ya mayar bayan girbi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ekklesiyar da ta bar mutum ɗaya da jaka shekara da shekaru, ita ma tana da rabonta cikin laifin.

Tambaya ta biyu: su wa suka samu?

Lissafi yana iya cika daidai, rabo kuwa ya karkace. A ekklesiyar Urushalima ba a ce kuɗi ya ɓata ba. Kukan da aka yi shi ne, ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci a rabon abinci na kowace rana. Manzanni ba su tsauta wa masu kukan ba, ba su kuma ce a yi shiru saboda zumunci ba. Suka tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida. Abin lura shi ne, dukan bakwai ɗin sunayensu na Helenanci ne, watau ga alama an danƙa rabon a hannun mutanen ɓangaren da aka tsallake.

Ekklesiyoyinmu a wannan yanki taron kabilu ne, akwai 'yan ƙasa, akwai waɗanda aiki ko ciniki ya kawo su daga nesa. Ba wuya rabo ya bi harshe da dangi ba tare da kowa ya nufa ba, gama mutum yakan tuna da wanda ya sani. Haka kuma wanda ke kusa da titi yakan samu sau biyu, na ƙauyen da sai da kwalekwale ake kai gare shi da damina bai samu ko sau ɗaya ba. Saboda haka a duba sunayen waɗanda aka ba, a kuma tambaya su wa babu a ciki. Kada mu manta da maƙwabtanmu Musulmi. Ruwan da ya rushe gidanmu shi ya rushe nasu, Bulus kuwa ya umarce mu a Galatiyawa 6:10 mu kyautata wa kowa, ko da yake ya sa iyalin bangaskiya a gaba.

Tambaya ta uku: me ya amfana?

Wannan ita ce mafi wuya, ita ce kuma aka fi gudu. Sarki Yowash ya umarci firistoci su karɓi kuɗi su gyara Haikali. Har shekara ta 23 ta sarautarsa ana karɓa, amma tsagar bango tana nan yadda take. Littafin bai ce firistocin sun yi sata ba, ya ce dai ba a yi gyaran ba. Sarki ya dubi bangon, ya kira Yehoyada babban firist, wanda ya goye shi tun yana jariri, ya tambaye shi dalili. Aka sāke tsari, aka huda murfin akwati aka ajiye kusa da bagade, magatakardan sarki da babban firist suka riƙa ƙidayawa tare, kuɗin ya tafi hannun masassaƙa da magina. Gani ya kori ji.

Ƙasarmu tana da nata darasi. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a jihar Kano, domin noman rani da ruwan sha. Wanda ya tsaya a can ya auna zai ga gonaki kore. Amma a nan ƙasa tafiyar ruwa ta sāke. Ruwan da dā yake zuwa da damina ya janye da rani ya koma gudana dukan shekara, ciyawar kacalla ta sami wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, har waɗansu gonaki wajen Nguru suka nutse, waɗansu wurare kuma suka rasa ruwan da suka saba samu. Ashe, ba a gama auna aikin kirki a wurin da aka yi shi kaɗai ba, sai an bi shi har inda ya ƙare. Haka rabon hatsi kyauta, in ya zarce lokacin bukata, yana iya karya farashi a hannun manomin da ya yi wahala ya noma.

Akwai kuma shirin raya karkara da aka sani da NEAZDP, mai hedkwata a Garin Alkali kusa da Gashuwa, wanda ya fara a 1990 da kuɗin ƙasashen Turai. A 1995 Tarayyar Turai ta dakatar da taimakonta ga Nijeriya a zamanin mulkin soja, nauyin ya komo gida. Kowane mai bayarwa daga nesa yana da ranar tafiyarsa. Don haka in an haƙa rijiya, a tambaya wa zai gyara famfon in ya lalace. In an ba gwauruwa keken ɗinki, a koma bayan shekara a ga ko tana ɗinki, ko yunwa ta sa ta sayar.

Da wane ruhu za a bincika?

Sai mu yi hankali a nan, gama tambaya mai kyau tana iya fitowa daga zuciya marar kyau. Wanda ya yi gunaguni a kan turaren da Maryamu ta zuba, yana cewa da ma an ba matalauta kuɗinsa, Yahuza ne, Yahaya 12 kuwa ya gaya mana jakar tana hannunsa yana ɗiba. Mai bincike ya fara bincika kansa: gyara yake nema, ko kunyatar da wani? In an sami giɓi, hanyar Matiyu 18 tana nan: a fara magana a keɓe, sa'an nan da shaidu, daga baya a kai gaban ekklesiya. Manufar ita ce a mayar da kuɗin matalauta, a kuma komo da ɗan'uwan da ya fāɗi.

Har wa yau, akwai abin da littafin ma'aji ba ya iya ɗauka. Anini biyu na gwauruwa ba su cika awo a lissafin Haikali ba, amma Ubangiji ya ce sun fi na mawadata duka. Daren da wata ta kwana tana jinyar maƙwabciyarta ba shi da rasiɗi. Mu ƙidaya abin da ke ƙidayuwa da aminci, sauran mu bar wa Uban da yake gani a ɓoye. Ƙauna tana neman lissafi, gama tana ƙaunar mai bayarwa da mai karɓa da mai riƙo gaba ɗaya, dukanmu kuwa masu riƙo ne, za mu ba da lissafi a gaban kursiyin Almasihu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa Bulus ya bar ekklesiyoyi su zaɓi wanda zai raka kuɗin, bai zaɓa da kansa ba?
2. Mutum nawa ke ƙidaya baiko a ekklesiyarku? Yaushe aka karanta lissafi a gaban jama'a?
3. A rabon da kuka yi na ƙarshe, su wa ne ba su samu ba, don me?
4. A 2 Sarakuna 12:15 ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikata ba saboda amincinsu. Yaya wannan ya dace da ƙidayar da aka yi a aya ta 10?
5. Ta yaya ƙarami zai yi wa dattijo irin wannan tambaya ba tare da ya rage masa girma ba?

Ayar haddacewa: 1 Korantiyawa 4:2.