Wanda Bai Ci Takobi Ba, Ya Faɗi Ke Nan?

Ga wata tambaya da ta taso a ajinmu na yaƙi da jahilci nan Tsarnawa. Na kawo ta gabanku don mu auna ta tare.

Akwai wani dattijo cikin ɗalibaina. Da ƙuruciyarsa ɗan kokowa ne. In kaka ta yi, aka ɗaure damman hatsi, makaɗa suka shiga fili, ba ƙauyen da bai kai kaye ba tsakanin Birnin Ƙwanni da Malbaza da Illela. Sau biyu ya je wurin zaɓen ƴan kokowar jiha a Tawa, sau biyu ya dawo ba a ɗauke shi ba. Ran nan muna koyon rubuta sana'a, sai ya aje alli ya ce: "Malam, ni ban zama komi ba."

Shin gaskiya ya faɗa?

Mu yi lissafi, tun da mun koye shi. An soma gasar takobi ta ƙasa a 1975, a garin Tawa, kuma Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobin. Jihohi takwas ne ke karawa, kowace da ƴan kokowa goma. Mutum 80 ke nan, takobi kuwa guda ne. Saboda haka 79 za su koma gida ba shi. Bayan waɗannan akwai ɗaruruwa da ko motar zuwa ba su shiga ba. Duk waɗannan ba su zama komi ba?

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A Amurka akwai wani wasa da ake bugun ƙwallo da sanda. Suna da ƙungiyoyin manyan birane da na ƙananan garuruwa. A 1954 wani mai suna Joe Bauman, na ƙungiyar ƙaramin garin Roswell, ya yi babban bugun wasan sau 72 cikin shekara guda. Ba wanda ya wuce wannan adadi sai 2001. Amma bai taɓa wasa ko sau ɗaya cikin manyan ƙungiyoyi ba. Ya zauna garin nan yana sayar da man mota, mutanen garin na girmama shi har ya rasu a 2005.

Ba na cewa takobi banza ne. Wanda ya ci shi ya sha wuya, ya cancanci kirarinsa. Kuma zafin da dattijonmu ke ji, zafi ne na gaske. Sai dai mu tambayi kanmu: a ina zakaran ƙasa ya koyi kaye? A filin ƙauye ya koya, hannun irin wannan dattijo, wanda ya kayar da shi har ya gane inda ƙafarsa ke da rauni. In ƙananan filaye suka mutu, babban fili ma ba zai samu masu shiga ba.

Faɗuwa ta gaske tana wani wuri. Mun ga wanda ya sayar da awakin matarsa ya kai wa masu laya don ya ci takobi. Mun ga wanda ya bar gonarsa ta cika da haki yana jiran a kira shi birni. Irin wannan, ko ya ci ko bai ci ba, gidansa ne ke ƙasa.

Dattijonmu bai yi haka ba. Ragon da ya ci da kuɗin da aka liƙa masa sun zama shanun noma. Ba a taɓa jin ya ɗaga hannu ga maras ƙarfi ba. Yaran unguwa har yanzu wurinsa suke koyon kamu.

Maganar ta shafi karatunmu ma. Yawancinmu ba za mu zama ma'aikatan ofis ba. Amma wanda ya iya duba sikeli ranar sayar da albasa, ya karanta wasiƙar ɗansa da kansa, karatunsa bai tafi banza ba.

Abin da na ce wa dattijon ke nan. Ya yi shiru, sa'an nan ya ɗauki allinsa. Bisa allo ya rubuta suna, ƙarƙashi ya sa: manomi, ɗan kokowa.

Ku fa, mene ne ra'ayinku? Ku tattauna a ajinku, ku rubuto mana.