Waiwaye adon tafiya ne, a tsere fa?

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Masu horar da ƴan tsere kuwa, abin da suke fara hana yaro ke nan, domin wanda ya juya kai yana cikin gudu ya ba na bayansa taki ɗaya kyauta. A tarihin guje-guje na duniya akwai mutum guda da ya waiwaya sau biyu, kuma kowane waiwaye an kafa masa mutum-mutumi na tagulla. Sunansa John Landy, mutumin Ostareliya. Labarinsa ya isa a aza wannan tambaya a kai: wane haƙƙi ne ke wuyan ɗan tsere game da mutumin da yake ƙoƙarin wucewa?

A shekarar 1954 mutum biyu kaɗai suka taɓa gudun mil ɗaya, wato mita 1609, a ƙasa da minti 4. Roger Bannister na Ingila ne ya fara, ranar 6 ga Mayu a Oxford, cikin minti 3 da daƙiƙa 59,4. Bayan kwana 46 Landy ya rage lokacin zuwa minti 3 da daƙiƙa 58 a Turku ta ƙasar Finlan. Ranar 7 ga Agusta suka haɗu a Vancouver ta Kanada, a wasannin ƙasashe renon Ingila. Landy ne ke gaba har lanƙwasar ƙarshe ta filin. A nan ya waiwaya ta kafaɗar hagu don ya ga inda abokin karawarsa yake, a daidai wannan lokaci Bannister ya wuce shi ta dama, ya ci tseren. Ba wanda ya ga laifin Bannister, har Landy kansa.

Waiwaye na biyu ya faru a Melbon cikin watan Maris na 1956, a tseren mil na gasar ƙasar Ostareliya. A zagaye na uku wani matashi, Ron Clarke, ya yi tuntuɓe ya faɗi. Landy ya tsallake shi, amma ƙusoshin takalminsa suka yanke shi a hannu. Sai ya tsaya, ya komo baya ya duba lafiyar yaron. Clarke ya miƙe ya ce masa ya yi gudunsa. Landy ya bi sauran da suka yi masa nisa, ya cim masu, ya ci tseren cikin minti 4 da daƙiƙa 4,2.

Da labarin ya tsaya a nan, da darasin ya yi sauƙi fiye da kima, tun da Landy ya yi kirki kuma ya yi nasara. Wanda kirkinsa ya jawo masa asara fa? A watan Disamba na 2012, a wani tseren ratsa daji a Burlada ta ƙasar Sifaniya, Abel Mutai na Kenya, wanda ya ci lambar tagulla a wasannin Olimfik na Landan a shekarar, ya sassauta gudu saura ƴan mitoci kaɗan, yana zaton ya riga ya ƙetare layin ƙarshe. Na bayansa, Iván Fernández Anaya, ya ƙi wuce shi. Ya yi ta nuna masa gaba har ya ƙetare, shi kuma ya zo na biyu. Mai horar da shi, Martín Fiz, zakaran duniya na gudun maraton a 1995, ya yaba halinsa, amma ya bayyana cewa da shi ne da ya wuce.

Maganar Fiz ba abin yarwa ba ce. Tsere alkawari ne tsakanin masu yinsa: kowa zai fitar da iyakar ƙarfinsa da dabararsa, ba ragi ba ragowa. Mai sassauta wa abokin karawa don tausayi ya raina shi, ya kuma cuci ƴan kallo. A Sidni, a shekarar 2000, Haile Gebrselassie na Habasha da Paul Tergat na Kenya sun yi gudun mita 10.000, suka iso layi kafaɗa da kafaɗa, Haile ya riga da daƙiƙa 0,09. Da ɗayansu ya raga wa ɗaya, da ba a tuna wannan tsere a yau. To, idan lura da hanya wani sashe ne na aikin ɗan tsere, me ya bambanta kuskuren Mutai da kuskuren Landy a Vancouver?

Amsar tana cikin abin da aka kafa tsere domin a sani. Ana jera mutane a layi ɗaya ne don a gane wanda ya fi gudu a ranar. Waiwayen Landy a Vancouver ya fito daga cikin gudun kansa: gajiya ce da fargabar wanda ke jin takun Bannister a bayansa, kuma ƙafafun Bannister ne suka kai shi inda zai amfana. Mutai kuwa ya riga ya amsa tambayar, ya tsere wa kowa, abin da ya rage kawai ruɗani ne game da inda layi yake. Da Fernández ya wuce, da ya samu lamba, amma da lambar ta faɗi ƙarya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Shi ya ƙi cin zomon da bai kora ba.

Da wannan ma'auni ake gane girman laifin da aka yi a Seoul ta Koriya ta Kudu a 1988. Ben Johnson na Kanada ya gudu mita 100 cikin daƙiƙa 9,79, duniya ta yi mamaki. Bayan kwana uku aka ƙwace lambar zinariyar, don gwajin fitsari ya nuna maganin ƙara tsoka mai suna stanozolol, aka miƙa ta ga Carl Lewis na Amurka. Agogo bai yi kuskure ba a ranar, sai dai abin da ya auna ba gudun mutum tsantsa ba ne.

Doka na iya hana irin abin da Johnson ya yi, amma ba dokar da ta tilasta wa Landy tsayawa, ko ta hana Fernández wucewa. Tsakanin abin da doka ta hana da abin da ta yi shiru a kai, nan ne mutunci ke aikinsa. Harshen Hausa ya daɗe da lura da haka: wanda ake takara da shi ana kiransa abokin karawa ko abokin hamayya, an ƙi raba shi da sunan aboki. Ba shi, ba tsere. Haƙƙinsa biyu ne: a kara da shi da gaske, kada kuma a karɓi nasarar da ba ƙafa ce ta kawo ta ba.

Malamin da ke jera yara tsere a filin makaranta, ko yake jera sunayensu bayan jarrabawa, yana koyar da wannan darasi ko ya sani ko bai sani ba. Idan na ɗaya kaɗai yake tambaya, yaro zai koyi cewa kowace hanya hanya ce. Idan yana tambayar yadda aka zo na ɗayan, yaro zai koyi inda ake waiwaye da inda ba a yi.

Landy bai taɓa cin zinariya a Olimfik ba, tagulla ya samu a tseren mita 1500 na 1956. Ya rasu a 2022. Mutum-mutumin Vancouver na nuna shi yana waiwayen da ya kayar da shi, na Melbon kuma na nuna shi sunkuye a kan Clarke.