Wa Ke Da Ikon Yafe Jinin Kadisau?

A daren 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka auka wa makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai cikin daji a ƙafa. Ba a daɗe ba sai ga muryar Abubakar Shekau, shugaban Boko Haram na lokacin, yana cewa aikinsu ne. Nan take wakilan kafafen labarai na ƙetare suka duƙufa kan tambaya guda: shin Boko Haram ta tsallako arewa maso yamma, tana neman haɗewa da mayaƙan Sahel ta iyakar Nijar? Da aka sako yara 344 ranar 17 ga watan, sai kyamarori suka koma wani wuri.

Mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa kuwa, tambayar da ta rage musu ta addini ce, kuma ta fi ciwo. Idan wanda ya kashe maka ɗa ya ce ya tuba, wa ke karɓar tubar?

Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci satar ɗaliban, ya bayyana a Gusau a Fabrairun 2021, ya miƙa bindigogi, ya yi rantsuwa da Alƙur'ani. Kafin Afrilu ya ƙare ya koma daji, can kuma aka kashe shi. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, shi ma ya shiga har ƙauyukan Sabuwa da Faskari a 2019 yana neman sulhu, daga baya ya fito ya ce an ci amanarsa. Ado Aleru, jagoran 'yan bindigar da 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa bayan kisan mutanen ƙauyen Kadisau a Yunin 2020, shi ne aka gani zaune a taron sulhun Faskari a 2025.

Masu goyon bayan sulhu suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Manomin da ya shekara biyar bai taka gonarsa ba, ko matar da aka sayar da shanun gidansu don biyan kuɗin fansa, ba wanda zai zarge su idan suka ce a zauna a daidaita. Malamai kan kawo sulhun Hudaibiyya, inda Annabi (SAW) ya amince da sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai nauyi saboda maslaha. Ayar fashi a Suratul Ma'ida ma ta bar ƙofa a buɗe ga wanda ya tuba kafin a ci ƙarfinsa.

Sai dai akwai rabin hukuncin da ake tsallakewa, alhali yana nan cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da kowane zauren karatu a ƙasar Katsina ya sani. A fiƙihun Malikiyya, ɗan fashin da ya zo da kansa ya tuba, haddin Allah ne ke saraya daga kansa. Haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan a wuyansa. Magada ne ke da zaɓin ƙisasi ko afuwa, ba shugaban ƙaramar hukuma ba, ba hakimi ba. Haka kuma Bafulatanin da 'yan sa-kai suka kashe wa ƙane a kasuwa ba tare da shari'a ba, shi ma magaji ne, kuma rashin sauraronsa na cikin abin da ya rura wutar nan.

Tsagaita wuta aikin hukuma ne, ta yi shi idan zai ceci rayuka. Amma kiran sa tuba, alhali bindiga na rataye a kafaɗa kuma shanun sata na cikin garke, zalunci ne na biyu ga marayun Kadisau. Jihar Katsina na aiki da kotunan shari'ar Musulunci tun 2000, kuma alƙalansu sun san babin diyya da mayar da dukiya. Duk zaman da za a yi nan gaba a Faskari ko Sabuwa, ya kamata a shimfiɗa wa magadan ɓangarorin biyu tabarma a sahun gaba, alƙali na zaune yana rubuta sunayen waɗanda aka kashe.